Su wa ke bin wace jam'iyya?



Na san ka sha jin irin wannan magana, ko a kasuwa, ko a bakin rijiya, ko gindin bedi inda ake shan shayi. Wani ya ce: "Ai Damagarawa duk ƴan Rahama ne." Wani ya amsa: "Adarawa kuma Tarayya kaɗai suka sani." Na uku ya ce: "Zabarmawa fa ba su zaɓen kowa sai nasu." Kowa ya gyaɗa kai, a ci gaba da hira.

Shin gaskiya ne? Da ƙamshin gaskiya a ciki. Amma akwai kalma ɗaya da ta ɓata maganar, ita ce "duk". Bahaushe na kiran wannan kuɗin goro: a haɗa babba da ƙarami, a yanka musu kuɗi ɗaya. Goro na iya jure haka. Mutane kuwa, in aka yi musu kuɗin goro, zumunci ke lalacewa. A shekarun 1990 an ga wa da ƙane sun daina gaisawa saboda jam'iyya. An ga inda aka ƙi zuwa suna ko ta'aziyya. An ga auren da ya mutu.

Jam'iyyun da za mu ambata ba su aiki yanzu. Soja sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, kuma a watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Amma maganar "namu" da "nasu" tana nan a bakin mutane. Shi ya sa za mu waiwaya baya, mu duba su wa suka bi kowace jam'iyya, kuma don mi. Tunda ka iya karatu da lissafi, kai da kanka za ka auna maganar.

1. Mi ake nufi da kashi cikin ɗari?

In ana maganar zaɓe a rediyo, sai ka ji an ce wane ya samu kashi 34 cikin 100. Ga ma'anar: a kasa masu zaɓe duka gungu-gungu, kowane gungu mutum 100. Cikin kowane gungu, mutum 34 suka zaɓe shi. Sauran 66 suka zaɓi wasu.

Mu ɗauki misali, kamar yadda muke yi a darasin lissafi. A ce wani gari mutum 200 suka jefa ƙuri'a. Ɗan takara na farko ya samu 120, na biyu ya samu 80. Na farko ya samu kashi 60 cikin 100 ke nan, na biyu kashi 40. Za a ce garin na ɗan takara na farko ne. To, amma ina mutum 80 ɗin nan? Su ma ƴan garin ne. Da su ake salla, da su ake gayya. Duk wanda ya ce "duk garin" ya shafe mutum 80 da bakinsa.

Riƙe wannan da kyau: rinjaye daban, duka daban.

2. Ƙuri'a ba ta da suna

Ranar zaɓe mutum na shiga wurin sirri shi kaɗai. Ya zaɓi wanda yake so, ya fito ya jefa takarda cikin akwati. Ba a rubuta sunansa jikin takardar ba. Ba a rubuta ƙabilarsa ba, ko shekarunsa, ko sana'arsa. In an buɗe akwati da maraice, ba mai iya cewa wannan ƙuri'ar mace ce, waccan ta Bafillace ce.

Abin da ake ƙirgawa shi ne wuri: rumfar zaɓe kaza, gunduma kaza, jaha kaza. Saboda haka in ka ji an ce "Hausawa sun zaɓi wane", mai maganar ya duba sakamakon wasu garuruwa ne, ya yi kirdado. Alhali a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram akwai Fulani, akwai Buzaye, akwai Barebari, akwai Zabarmawa ma'aikata da ƴan kasuwa. A Yamai kuma kowace ƙabila ta ƙasar nan tana zaune.

3. Jama'ar ƙasarmu

An yi ƙidayar jama'a a 1988. An samu mutum miliyan 7 da ƴan kai. Hausawa sun ɗan haura rabi. Zabarmawa da Sonrai kamar mutum 1 cikin 5. Sai Buzaye da Fulani, kowannensu wajen mutum 1 cikin 10. Sai Barebari, da Tubawa, da Larabawa, da Gurmawa. Fiye da mutum 8 cikin 10 a karkara suke zaune, suna noma da kiwo. Manyan da suka iya karatun boko a lokacin ba su kai 2 cikin 10 ba.

Ajiye waɗannan lambobi a ranka. Za mu koma kansu.

4. Zamanin giwa da raƙumi

Tambayi tsofaffin garinku, za su ba ka labarin RDA da Sawaba. Alamar RDA giwa ce, jagoranta Jori Hamani. Alamar Sawaba raƙumi ce, jagoranta Jibo Bakari.

RDA ta fi ƙarfi cikin ma'aikatan gwamnati da malaman lakwal, kuma ta fi kafuwa a yammacin ƙasa. Sawaba ta fi shiga cikin talakawan birane da manyan garuruwa: direbobi da yaran mota, teloli, magina, ƙananan ƴan kasuwa, leburori. Tana da jama'a sosai a Maraɗi, da Tasawa, da Damagaram.

Ga abin lura. Jibo Bakari Bazabarme ne, an haife shi a Sudure, kusa da Yamai. Shi da Jori ƴan yanki ɗaya ne. Amma ɗimbin magoya bayansa a ƙasar Hausa suke. Mi ya haɗa su? Ya yi aikin sandika, yana maganar wahalar leburori da talakawa. Halin rayuwa ne ya haɗa su da shi.

Sarakuna da yawa sun bi Sawaba a 1957. Da aka zo ƙuri'ar "i" ko "a'a" ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce "a'a", wato a rabu da Faransa nan take. Sarakuna suka janye jiki, gwamnatin Turawa ta sa ƙarfinta, "i" ta yi rinjaye. A 1959 aka hana Sawaba. Daga nan ƙasa ta zauna da jam'iyya ɗaya har juyin mulkin Saini Kunce na 15 ga Afirilu 1974.

5. Manyan jam'iyyu huɗu na 1993

Bayan babban taron ƙasa, wanda aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, jam'iyyu suka yi yawa. Kundin tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi a Disamba 1992 ya hana kafa jam'iyya bisa ƙabila, ko yanki, ko addini. Duk da haka kowace jam'iyya tana da inda ta fi ƙarfi. Ga manyan guda huɗu.

MNSD-Nassara. An kafa ta a 1989, zamanin Ali Saibu, lokacin ita kaɗai ce jam'iyya. Ta gaji tsarin samariya da ƙungiyoyin manoma, shi ya sa tana da mutane a kusan kowane gari. Sarakuna da masu gari da yawa suna tare da ita, haka manyan ma'aikata da manyan alhazai ƴan kasuwa. Ɗan takararta Tanja Mamadu ne, tsohon kanar na soja, haifaffen Maine-Sorowa a jahar Difa. Ya riƙe jahar Maraɗi, ya riƙe jahar Tawa, manoma sun san shi ido da ido.

CDS-Rahama. Jagoranta Mahaman Usman, ɗan Damagaram. Cibiyarta Damagaram, tana da jama'a kuma a Maraɗi. Mutanen gabas da dama suna ganin tun samun ƴancin kai a 1960 shugabannin ƙasa daga yamma suke fitowa, kuma ayyukan gwamnati sun fi taruwa a Yamai. Wannan ƙorafi ya kawo mata magoya baya: ƴan kasuwa, ƴan boko na gabas, da manoma.

PNDS-Tarayya. An kafa ta a ƙarshen 1990. Waɗanda suka kafa ta yawanci ƴan boko ne masu ƙuruciya: malaman makaranta, ƴan sandika, tsofaffin ɗaliban jami'a. Jagoranta Mahamadu Isufu, injiniyan ma'adinai, ɗan Dandaji a ƙasar Illela. Ta fi ƙarfi a jahar Tawa. A sauran wurare, sau da yawa mushen lakwal ne ke kai ta ƙauye.

ANDP-Zaman Lahiya. Jagoranta Mumuni Adamu Jarmakwai, shi ma tsohon kanar, ɗan gidan sarautar Doso. Da cikin MNSD yake. Ya nemi shugabancinta a 1991, Tanja ya kada shi, sai ya fita ya kafa tasa. Ƙarfinta a Doso yake da yammacin ƙasa.

Ka lura da sunayen? Nassara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya. Duka Hausa ne, har na jam'iyyar ɗan sarautar Doso. Kowane jagora ya san da mutanen garinsu kaɗai ba zai kai ko'ina ba.

6. Mu yi lissafi tare

An yi zaɓen majalisar dokoki ranar 14 ga Fabrairu 1993. Kujeru 83 ne. MNSD ta samu 29, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11. Ƙananan jam'iyyu suka raba sauran 8. Don a yi rinjaye ana bukatar kujeru 42. Ba wadda ta kai ita kaɗai.

Ranar 27 ga Fabrairu aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Ƴan takara 8 ne. Ga abin da manyan suka samu, in an cike lambobin:

Tanja Mamadu: kashi 34 cikin 100.
Mahaman Usman: kashi 27 cikin 100.
Mahamadu Isufu: kashi 16 cikin 100.
Mumuni Adamu Jarmakwai: kashi 15 cikin 100.

Yanzu ɗauki alli. Mun ce Hausawa sun haura rabin jama'a. Haɗa ƙuri'un ɗan Damagaram da na ɗan Adar: 27 a tara da 16, ya ba da 43. Bai kai 50 ba. Ashe ke nan Hausawa da yawa wasu suka zaɓa.

Dubi Tanja kuma. Mutanen jahar Difa duka ba su kai kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasa ba. Amma shi ya zo na ɗaya da kashi 34. Daga ina sauran suka fito? Daga Hausawa, da Zabarmawa, da Fulani, da Buzaye, da sauransu.

A zagaye na biyu, ranar 27 ga Maris, Tanja da Mahaman Usman suka kara. Isufu da Jarmakwai suka ce wa mutanensu su zaɓi Mahaman Usman, don sun haɗu cikin ƙawancen da ake kira AFC. Mahaman Usman ya ci da kashi 54, Tanja ya samu 46. Ka ga ɗan Damagaram ya hau da taimakon ƙuri'un Doso da na Tawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙara wani lissafin: 27 da 16 da 15 sun yi 58. Amma 54 ya samu. Wannan ya nuna ba kowa ke bin umurnin jagora ba. Mutum na da nasa tunani in ya shiga wurin sirri.

7. Waɗanda ba su fito ba

Akwai wani gungu da ya fi kowace jam'iyya yawa, su ne waɗanda suka zauna gida. A zaɓen 1993, cikin mutum 3 da ke da suna a takardun zaɓe, kusan mutum 1 kawai ya jefa ƙuri'a. A zagaye na biyu, cikin kowane mutum 100, wajen 19 suka zaɓi Mahaman Usman, wajen 16 suka zaɓi Tanja, wajen 65 ba su je ba.

Mi ya hana su? Lokacin rani ne, samari da magidanta da yawa sun tafi bida Najeriya, ko Abijan, ko Libiya. Makiyaya sun bi bisashe neman ruwa da ciyawa. Wasu rumfunan zaɓe nesa suke da ƙauyuka. Zagayen farko ya faɗo cikin azumi. A arewa kuma ana fama da tawaye, wanda sai 24 ga Afirilu 1995 aka sa hannu kan sulhu.

To, in wani ya ce maka "jahar kaza duk ta wane ce", tambaye shi: mutum nawa suka fito?

8. Birni da ƙauye, albashi da rumbu

Ba yanki kaɗai ke raba magoya baya ba. Abin da mutum ke ci da shi ma na rabawa.

Ma'aikacin gwamnati a birni, idonsa na kan albashi. A shekarun nan ana yin watanni ba a biya ba, ana ta yajin aiki. Ɗalibi idonsa na kan kuɗin alawus da aikin da zai samu in ya gama. Manomi kuwa, damuwarsa ruwan sama, da iri, da taki, da kuɗin hatsi lokacin bazara in rumbu ya yi ƙasa. Makiyayi na tunanin rijiya, da burtali, da allurar bisashe. Ɗan kasuwa na tunanin kuɗin duwan da hanyar iyaka.

Ga misali na gaske. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Da, tamma ɗaya ta Faransa dala 10 ce. Rana ɗaya ta koma dala 20. Kayan da ake kawowa daga waje suka yi tsada: magani, shinkafa, kayan mota. Mai albashi ya ji a jikinsa nan da nan. Amma mai saida bisashe ko albasa zuwa ƙasashen waje ya ga kayansa sun ƙara daraja. Abu ɗaya ne ya faru, wani na kuka, wani na hamdala. Yaya za a yi su kalli gwamnati da ido ɗaya?

Shi ya sa mutum biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya malamin asibiti a Yamai, ɗaya manomi a Mayayi, kowa na iya bin jam'iyyarsa. Ba wanda ya ci amanar wani. Kowa da inda takalmi ke matsa masa.

A ƙauye kuma akwai wani abu. Sau da yawa mutum na bin wanda ya taimake shi ranar wuya: alhajin da ya ranta masa hatsi, ko ɗan garin da ya yi tsaye aka gina rijiya. A garin da ake gardamar sarauta, in gidan mai gari ya shiga wata jam'iyya, sai ɗaya gidan ya shiga abokiyar hamayyarta. Mai kallo daga nesa ya ce siyasar ƙasa ce, alhali tsohuwar rigimar gari ce ta sa sabuwar riga.

9. Samari da dattawa

Ɗalibai da ƴan sandika su ne kan gaba wajen neman a buɗe siyasa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi zanga-zanga a gadar Kennedy a Yamai, aka harbe uku daga cikinsu. Samarin da suka tashi cikin wannan zamani, da yawansu sun karkata ga sababbin jam'iyyu, suna cewa canji suke so. Dattawa da dama kuma sun tuna yunwar 1973 da ta 1984, sun tuna rabon cimaka da tsaron zamanin Kunce, sai suka fi natsuwa da mutanen da suka sani.

Nan ma kada ka ce duka. Akwai samarin Nassara masu zafi, akwai tsofaffin da suka rungumi Rahama ko Tarayya tun ranar farko.

Ka kuma san cewa saurayin 1993 yau ya yi furfura. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Mafi yawan ƴan ƙasar nan ba a haife su ba lokacin babban taron ƙasa. Rigimar da iyaye suka yi ba dole ba ne ɗiya su gaje ta.

10. Mata fa?

Ƴar'uwa, wannan taki ce. Mata rabin jama'a ne. Su ke cika filin mitin, su ke guɗa, su ke sa zanen jam'iyya, su ke dafa abincin baƙi. Ranar zaɓe su ke daɗewa kan layi. Amma wajen rabon kujeru sai a manta da su.

Lokacin shirya babban taron ƙasa, mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shiri. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka fito titi a Yamai, sai da aka ƙara yawansu. Shi ya sa ake bikin ranar matan Nijar kowace 13 ga Mayu. A majalisar da aka zaɓa a 1999, cikin dipite 83, mace ɗaya ce. A shekara ta 2000 aka yi dokar da ta tilasta a keɓe wa mata kaso. A zaɓen 2004 mata 14 suka shiga majalisa mai kujeru 113. A 2011 Mariyama Gamace Bayar ta zama mace ta farko da ta tsaya takarar shugaban ƙasa.

Ana yawan cewa mace abin da mijinta ya zaɓa shi take zaɓa. Wa ya gani? Mun ce ƙuri'a ba ta da suna. Mace na da nata lissafi: kuɗin awo, nisan rijiya, asibitin haihuwa, karatun ɗiya. In ta shiga wurin sirri, daga ita sai Allah.

11. Abokin tafiyar yau, abokin hamayyar gobe

Dubi yadda shugabannin suka yi ta sauya abokai.

A 1993 Isufu ya taimaki Mahaman Usman a kan Tanja. A Satumba 1994 suka ɓata, Isufu ya ajiye aikin faraminista, PNDS ta haɗa kai da MNSD. A 1999 Mahaman Usman ya taimaki Tanja a kan Isufu, Tanja ya ci da kashi 60. A 2011 Hama Amadu, jagoran Lumana, ɗan yammacin ƙasa, ya taimaki Isufu ya ci da kashi 58 a kan Saini Umaru, wanda shi ma ɗan yamma ne. A 2016 kuma Isufu da Hama ne suka kara da juna.

A Fabrairu 2021 Bazum Mohamed da Mahaman Usman suka je zagaye na biyu. Bazum Balarabe ne, ƙabilar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma jahar Tawa ta ba shi babban rinjaye, aka bayyana ya ci da wajen kashi 56. Mahaman Usman, ɗan Damagaram, shi ya yi rinjaye a Yamai, da taimakon mutanen Hama Amadu.

Ka gani? Manya na faɗa su shirya, su ci tuwo faranti ɗaya. Kai kuma ka yanke gaisuwa da maƙwabcinka shekara goma saboda su. Wa ya yi asara? In gobara ta tashi gidanka cikin dare, maƙwabcin nan ne zai fara zuwa da guga.

12. Abin da za ka riƙe

Gaskiya ne magoya bayan jam'iyyu sun bambanta. Kowace jam'iyya ta samu yankin da ta fi ƙarfi, yawanci inda jagoranta ya fito. Wata ta fi shiga cikin ƴan boko, wata cikin sarakuna da alhazai, wata cikin talakawan birni. Faɗin haka ba laifi ba ne. Sanin haka ma na taimakon mutum ya gane abin da ke damun wasu.

Amma lambobin da muka gani sun nuna mana abu biyu. Na ɗaya, ba jaha ko ƙabilar da ta taɓa zama bakin jam'iyya ɗaya. Na biyu, ba wanda ya taɓa cin zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'un yankinsu kaɗai.

Saboda haka, duk ranar da wani ya zo maka da maganar "su wane duk haka suke", kada ka yi fushi, kada kuma ka haɗiye. Yi masa tambaya cikin ladabi: Mutum nawa cikin 100? A wane zaɓe, wace shekara? Wa ya ƙirga? In ya amsa, kun ƙaru ku duka. In ya kasa, ka san kuɗin goro ya yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amfanin karatu ke nan. Da, abin da aka faɗa maka shi kake ɗauka. Yanzu kana iya dubawa da idonka, ka ƙirga da hannunka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ƙara mana fahimtar juna. Amin.

Kalmomin darasi

Jam'iyya: ƙungiyar siyasa mai neman mulki ta hanyar zaɓe.
Magoya baya: mutanen da ke bin jam'iyya ko ɗan takara.
Rinjaye: samun ƙuri'u fiye da abokin takara.
Ƙawance: haɗin kan jam'iyyu biyu ko fiye.
Ƙidaya: ƙirga mutanen ƙasa gida-gida.

Tambayoyi

1. Mi ake nufi da yi wa mutane kuɗin goro?
2. Don mi aka ce ƙuri'a ba ta da suna?
3. Waɗanne irin mutane suka fi bin Sawaba? Daga wane yanki jagoranta ya fito?
4. Kujeru nawa MNSD ta samu a 1993? Nawa suka rage mata ta kai 42?
5. Faɗi dalilai uku da suka hana mutane fita zaɓe a 1993.
6. Mi ya faru ranar 13 ga Mayu 1991?

Aikin lissafi

A wani gari mutum 500 ke da suna a takardun zaɓe. Mutum 200 suka fito. Ɗan takara na farko ya samu 130, na biyu ya samu 70. Mutum nawa suka zauna gida? Kashi nawa cikin 100 na waɗanda suka fito ɗan takara na farko ya samu? Daidai ne a ce "duk garin nasa ne"?

Mu tattauna

A garinku siyasa ta taɓa raba dangi ko maƙwabta? Ba tare da kama suna ba, ku faɗi yadda aka yi aka shirya su. Wa ya shiga tsakani?

Aikin rubutu

Ka je wurin wani dattijo ko wata dattijuwa. Ka tambaya yadda aka yi zaɓen 1993 a garinku. Rubuta layi biyar cikin littafinka, ka karanta wa ƴan aji a zama na gaba.